Yadda Za Ka Kama Tsohon Jirgin Kwal da Fim Mai Hoto 36

Jirgin kwal ba ya ja da baya don mai hoto bai shirya ba. Riƙe wannan da kyau, ɗan'uwa, domin duk sauran shawarwarin daga nan suka tsiro. Mai waya zai danna sau ɗari, ya koma gida ya miƙe ƙafa yana zaɓe. Kai da ka kakkaɓe tsohuwar kyamara ka zura mata fim, hoto 36 ne rabonka, in kuwa babban fim ne mai lamba 120, a kyamarori da yawa 12 kacal. Kowane ɗaya da kuɗinsa, ga kuɗin wanki yana jiranka a gaba. Saboda haka tun kafin jirgi ya iso ake gama aikin. In ya iso, ɗan yatsa kawai ya rage.

Fara da neman inda tsofaffin ke da sauran numfashi. Birtaniya ta sallami jiragen kwal daga babban layinta a watan Agustan 1968, amma mutanen ƙasar suka ce ba za a kai su duka wurin 'yan gwangwan ba. Tun ma a 1951 wasu 'yan sa-kai suka karɓi ɗan ƙaramin layin Talyllyn a Wales suka ci gaba da tafiyar da shi, daga nan abin ya bazu. A Jamus har yau jirgin kwal yana hawa tsaunin Brocken da fasinja, sama da mita 1,100. In hannunka bai faɗa ba tukuna, fara da waɗanda suka yi ritaya. Ga jirgin Mallard a gidan tarihin jiragen ƙasa na York, wanda ya yi gudun mil 126 a awa a 1938, yanzu kuwa zai tsaya maka har ka gaji. Mu ma nan gida ba a bar mu a baya ba: a gidan tarihi na Jos akwai ragowar jiragen ƙaramin layin da ya riƙa jigilar kuza tsakanin Jos da Zariya har aka rufe shi a 1957. Yi sallama, nemi izinin ma'aikata, sannan ka ƙona fim ɗinka na farko a kansu. Ba za su ƙifta ido ba, ba kuma za su ce a sake don hula ta karkace ba.

To, mu koma ga mai motsi. Abin da ke ba hoton jirgin kwal rai shi ne abin da ke fita daga bututunsa, kuma wannan ba kullum ake samunsa ba. Tururi sai ya gamu da iska mai sanyi yake zama farin gajimare. Da rana tsaka a lokacin zafi, jirgi zai zo ya wuce, kansa fayau, ka wanke hoto ka ga baƙin ƙarfe tsaye ba ka san ko tafiya yake ko hutawa ba. Don haka ka yi sallar asuba ka fita, ranar da sanyi ya hana kowa leƙo ƙofa. Haƙoranka za su yi ta kaɗawa, amma a ranar ce tururin zai tashi ya yi tsiri, ya tsaya a sama har taragon ƙarshe ya shige.

Sanyi kaɗai bai isa ba, sai da hawa. A gangara direba yakan rufe tururi, jirgi ya sulale abinsa ba nishi ba tari. Nemi inda layin dogo ya ɗauki tudu, ko ɗan gaba da tasha inda jirgi ke ƙoƙarin ɗaukar gudu da kaya a bayansa. A nan ne mai zuba kwal ke gumi, tukunya ke tafasa, bututu ke amai. Ɗan gaba da tasha na ce, ban ce bakin tasha ba. Lokacin tashi direba yakan buɗe wasu ƙananan famfuna a ƙasa don fitar da ruwan da ya taru, sai tururi ya lulluɓe gaban jirgin ɗungurungum, ka koma gida da hoton hazo mai tsada. Sannan ka tsinki 'yar ciyawa ka sake ta, ka ga inda iska ta nufa. In wajenka take kaɗowa, hayaƙi zai kwanto ya rufe maka taragu, sai ka sake gefe tun da sauran lokaci, ta gada ko mararrabar da aka halatta.

Yanzu maganar ma'aunin haske, wannan ɗan na'ura mai kirki da ba ya son baƙi, ba ya son fari. Duk abin da ka nuna masa, so yake ya mai da shi ruwan toka. Nuna masa baƙin kan jirgi, sai ya tsorata ya ce a ƙaro haske, farin tururi ya ƙone ya zama fili. Nuna masa tururin, sai ya ce a rage, jirgi ya dunƙule ya zama gawayi. Maganinsa shi ne kada ka bari su haɗu. Kafin jirgi ya zo, auna koriyar ciyawar da ke gefen layi, wadda rana ɗaya ke dukanta da layin, ka saita kyamara da hannu, ka bar ta a haka ko me allura ta ce daga baya. Da fim mai lamba 400, irin su Kodak Tri-X ko Ilford HP5, in rana ta fito sosai, saurin 1/500 da ƙofar haske a kan 11 za su fitar da kai kunya. Galibin layukan ajiya na Birtaniya ba su wuce mil 25 a awa, don haka wannan saurin ya isa ya tsayar da ƙafafu. Ɗaura gilashi mai ruwan ɗorawa a gaban idon kyamara, zai duhunta shuɗin sama, tururi ya fito fes, amma ka tuna yana cin haske, sai ka ƙara buɗe ƙofar da mataki guda. Kada ka ji haushin baƙin fenti. Su kansu kamfanonin da suka ƙera jiragen nan sun sha fama da shi, har sukan shafe sabon jirgi da fenti ruwan toka a ɗauke shi hoto, daga baya a yi masa na gaskiya.

Wurin tsayawa kuwa, masana sun daɗe da yanke hukunci: rana a bayan kafaɗarka, jirgi ya tunkaro a karkace, a ga fuskarsa a ga gefensa. Zaɓi alama guda, turke ko wani dutse a gefen layi, ka daidaita ganin kyamara a kansa, ka yi wa kanka alkawari ba za ka danna ba sai hancin jirgi ya kai nan. Alkawarin nan da wuyar cikawa yake. Kana jin usur daga nesa, ƙasa ta fara rawa, zuciya za ta ce maka danna, danna. Kada ka saurare ta. Tsayuwar mai jiran sarki ce ranar hawan Sallah: wanda ya ƙarar da fim a kan 'yan gaba, idan laima ta iso sai dai ya ɗaga hannu ya yi jinjina. Akwai kuma wata ƙa'ida ta 'yan gargajiya, wai sandunan ƙarfen da ke haɗa ƙafafun jirgi su kasance a ƙasa lokacin ɗauka. A kan jirgi mai tsaye, roƙi direba da ladabi, wataƙila ya ɗan gusa maka. A kan mai gudu, in ta faɗo maka haka, yi sadaka.

Ba kai kaɗai za ka je ba. Za ka tarar da dattawa sun jeru tun duku-duku, kowa da ƙafafun kyamararsa da ɗan tulun shayi. Gaishe su, ka shiga sahu, kada ka gitta ta gabansu, kuma in jirgi ya doso ka yi shiru, domin wani sautin yake naɗa. Layin dogo kuwa ba wurin tsayawa ba ne, ko kusa. A Fabrairun 2016, da jirgin kwal Flying Scotsman ya fito daga dogon gyara ya kama hanyar York daga Landan, sai da aka tsayar da shi saboda masu ɗaukar hoto sun hau kan layi. Babu hoton da ya kai ran mutum, nan kam ba wasa. A ranar ce kuma wani bawan Allah ya tsaya a inda ya dace, ya yi jira, jirgin na isowa sai ga na zamani ya ratso ta layin da ke kusa ya tare shi kaf. In irin wannan ta same ka, duba jadawalin gobe.

In ka ji ana hirar hoton dare, sunan da za a kira shi ne O. Winston Link, Ba'amurken da ya bi jiragen kamfanin Norfolk and Western daga 1955 zuwa 1960. Yakan kwashe awoyi yana ja wayoyi yana jera ƙwayayen filasha, a wani hoton sama da 40, duka su tashi lokaci guda, su mutu lokaci guda. Nemi hotunansa ka kalla, za su faranta maka rai. Kwaikwayonsa kuwa bari sai ka sami yara biyu masu ɗaukar kaya.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su ke ja wa mutum kuka. Bayan ka zura fim, ja shi ka ga ɗan hannun naɗewa yana juyawa. In ba ya juyawa, fim bai kama ba, iska kake ɗauka. Zafi yana lalata fim, ajiye shi a firji, ka fito da shi sanyinsa ya sake kafin ka buɗe. A filin jirgin sama roƙi a duba shi da hannu, domin sababbin na'urorin binciken kaya suna iya ɓata shi. Bayan jirgi ya wuce, hura ƙurar kwal daga idon kyamara kafin ka goge, in ba haka ba ka karce shi. Kuma don Allah bar farar shadda a gida. Bututun nan ba ya raina kowa, burbushin kwal yake rabawa hagu da dama, mai wanki da guga kuwa ba zai karɓi hoton jirgi a madadin kuɗinsa ba.