Jinjina Ga Masu Shanya Fata a Gaban Mota

Allah ya ƙara basira ga wanda ya fara zama ya duba mota ciki da bai, ya tambayi kansa inda rana ta fi duka, sannan ya ce a nan za a shimfiɗa fata. Ba kowace shekara ake haihuwar irin wannan kai ba. Ga ƙasan kujera inda inuwa ba ta gushewa, ga jikin ƙofa, ga but, duk ya tsallake su ya zaɓi dashbod, ƙarƙashin gilashin gaba, inda rana ke sauka tun hantsi har la'asar sakaliya. Ya shafa gam, ya ɗame fatar, ya bi bakinta da ɗinki mai ɗaukar ido, ya ƙara kuɗi a kan motar. Masu saye suka biya suna godiya. Madalla da wannan aiki!

Dukawa da majeman Kano sun yi ɗaruruwan shekaru suna sarrafa fata. Fatar jar akuyar Sakkwato ta ratsa Sahara a kan raƙuma ta isa Turai, har aka laƙaba mata sunan Maroko don ta can ta bi. Amma kaico, iliminsu bai kai nan ba. Su a tasu 'yar fahimtar, jemammiyar fata ba ta son doguwar rana: maiƙonta ya ƙafe, ta bushe, ta motse, ta ja jikinta. Tsohon baduku in ya sayar maka da sirdi ko jaka sai ya ce ka ajiye a inuwa, ka riƙa shafa mata mai. Ashe duk rashin zuwa makarantar injiniya ne ya jawo masa wannan tsoro. Da ya yi karatu mai zurfi da ya san cewa wurin da ya dace da fata shi ne bayan gilashi, a mota rufaffiya, a filin ajiye motoci da babu ko bishiya ɗaya.

Kada wani ya ce masu ƙera motocin dace suka yi. Zaɓin nasu ya zo daidai har a ma'auni. A 2018 masu bincike na Jami'ar Jihar Arizona da Jami'ar Kalifoniya ta San Diego sun ajiye motoci a rana na awa ɗaya, a ranakun da zafin gari ya kai wajen digiri 38. Kujeru suka kai digiri 51, sitiyari ya kai 53, dashbod kuwa ya kai 69. Wato a duk cikin motar babu inda ya kai shi zafi. Wannan fa a digiri 38 ke nan, wanda mutumin Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai zai kira sauƙi a watan Afrilu, lokacin da ake haura 42 ba tare da kowa ya yi mamaki ba. Motar da aka ƙera don wata ƙasa, ta gama aikinta can, ta sauka a Kwatano ko tashar Apapa, ita ce za ta zo ta ƙarasa rayuwarta a wannan rana tamu, da fatarta a shanye.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne haɗin kan da aka ƙulla a wannan ɗan wuri. A ƙasa akwai ƙashin dashbod na roba mai tauri, wanda in ya ji zafi yake buɗewa. A sama akwai fata, wadda in ta ji zafi take tsukewa. A tsakani aka sa gam ya sasanta su, shi kuma ɗabi'arsa in ya ji zafi sai ya yi laushi ya saki. Wannan na ja gabas, wannan na ja yamma, mai sulhu ya kwanta barci daidai lokacin da ake nemansa. Dare ya yi kowa ya koma mazauninsa, gari ya waye a sake sabon lale. Da farko ɗan bororo ne zai taso kusa da gilashi, wajen ramukan da iska ke fitowa. Sai ya haifi na biyu. Sai fatar ta tattare ta yi tamoji, ɗinkin da aka yi alfahari da shi ya karkace, bakin fatar ya ɗaga ya bar roba tsirara. Ko an shirya shi a rubuce ba zai fi haka tafiya a tsare ba.

Sai kuma ladabin gam ɗin, wanda ya cancanci yabo na musamman. Ba ya yi wa kamfani rashin kunya. Garantin da kamfanonin Amurka da yawa ke bayarwa a kan irin waɗannan sassa shekara 3 ne ko mil 36,000, duk wanda ya riga zuwa. Gam mai tarbiyya galibi yakan daure ya riƙe amana har wa'adin ya wuce, sannan ya saki hannu a hankali. Mai mota ya je da kukansa, a karɓe shi da fara'a, a gaya masa ai wannan tsufa ne da rana, kuma ba ya hana mota tafiya. Gaskiya ne kuwa, ba ya hana ta tafiya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, sai dai ita wannan rariyar ba a gaya wa mai saye sunanta ba ranar ciniki.

A nan ma akwai adalcin da ba a cika samu a duniya ba, domin wannan cuta ba talaka take nema ba. Jeep Grand Cherokee da ta fito da sabon jiki a 2011 ta zo hawa-hawa. Wanda aljihunsa ya tsaya a Laredo ya tafi gida da dashbod na roba. Wanda Allah ya hore wa ya hau Overland aka karrama shi da fata mai ɗinki, kuma masu wannan ajin ne suka yi shekaru suna kuka da kumburi da tattarewa. Haka masu Jaguar XK ta 2007 zuwa gaba, haka masu Aston Martin DB9, haka masu Ferrari, waɗanda fatar motarsu ke janyewa daga bakin gilashi kamar yadda take yi a kowace mota. Porsche ma ta kai karamcin ƙololuwa: in ka ƙara kuɗi za ta naɗe maka har 'yan filafilan ramin iska da fata. Duk inda kuɗi suka ƙaru, wurin ɓarewa ya ƙaru. Wa ya ce masu hali ba sa samun rabonsu?

Kada masu roba su yi dariya da yawa, su ma an tuna da su. Camry ta 2007 zuwa 2011, wadda ta cika titunanmu, an san dashbod ɗinta da narkewa, ya yi danƙo, ya yi ƙyalli har ya haska gilashi ya kashe wa direba ido. A ƙarshen 2014 Toyota ta amince za ta sauya wa masu motoci miliyoyi a Amurka, har da wasu Lexus. Kyauta ce mai kyau, kuma ta ƙare a kan lokaci, kafin da yawa daga cikin motocin su hau jirgin ruwa zuwa wurinmu.

To, an ɓare. Yanzu sai gyara, kuma nan ne falalar wannan ƙirƙira take bayyana sosai, domin ta samar wa mutane da yawa abinci.

Hanya mafi araha ita ce sirinji. A zuƙo gam, a huda bororon, a tsiyaya, a ɗora tsumma a bi da dutsen guga, a danne da wani abu mai nauyi har gobe. Ranar farko abin gwanin kyau. Matsalar ɗaya ce tak: fatar da ta riga ta motse ba ta da sauran tsawon da za ta koma inda ta taso, kuma sabon gam a kan mataccen gam yake zaune, ba a kan roba ba. In bazara ta zagayo sai bororon ya dawo da 'yan'uwansa, ga kuma tabon allura a matsayin tukuici. Wani gwanin ma sufa gulu yake ɗurawa, fatar ta ƙandare a wurin, ta yi fari, ta tsage. Sannunku da ƙoƙari. Yaran wankin mota su ma ba a bar su a baya ba: su fesa man sheƙi har dashbod ya riƙa walƙiya, man ya shiga ta bakin ɗinki, ya tabbatar da cewa duk gam ɗin da za a sa nan gaba ba zai kama da kyau ba.

Hanya ta biyu ita ce sutura. A sayo kafet ko darduma mai gashi a yanka daidai, a lulluɓe abin kunya. Dillalai sun fi kowa ƙaunar wannan hanya, kuma sun iya bayaninta: ranka ya daɗe, ai don kare fatar aka sa. Mai saye in yana da kunya ba zai ɗaga ba. In ya ɗaga, ya ga abin da ake karewa.

A nan dole yabona ya yi nauyi, domin a ƙarƙashin wannan fata, a gaban fasinja, akwai jakar iska. Ita ce ke fashewa ta tare ƙirji da fuskar wanda ke zaune a gaba in an yi karo, a cikin ƙasa da ƙiftawar ido, da gudun da kan kai kilomita 300 a awa. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta ƙiyasta cewa irin waɗannan jakunkuna sun ceci rayuka sama da 50,000 tsakanin 1987 da 2017. Don ta samu hanyar fita, a masana'anta ake raunana dashbod ta ciki a kan wani layi da ido ba ya gani, a sirantar da fatar a wurin yadda za ta yage nan take. Sai ga mai ɗinkin kujeru, da kyakkyawar niyya, ya kawo fata mai kauri wadda ba ta san da wannan layi ba, ya malala gam, ya ɗame, ya ce wannan har jikoki. Ya yi gaskiya, ta yi ƙarfi. Ƙarfin nata zai iya jinkirta jakar, ko ya karkatar da ita, a ranar da matarka ko ɗanka ke zaune a wurin. Haka kafet da aka manne ko aka kafe a kan wurin. Wanda ya sa ado a kan ƙofar ceton rai, ya san adon zai lalace, ya kuma bar gyaransa a hannun duk wanda ke da gwangwanin gam, lalle ya yi wa iyalan mutane tanadi. Allah ya saka masa daidai da aikinsa.

Akwai gyara na gaskiya, ba a ce babu ba, kuma kamfani ya kyauta da ya sa shi ya zama aikin da ba a mantawa. Sai an cire batir an jira, don kada jakar ta tashi a fuskar bakanike. Sai an kwance sitiyari, da agogunan gaba, da rediyo, da tarin wayoyi, a fito da dashbod ɗin ɗungurungum a ɗora a tebur. A ɗaye fatar a hankali, a kankare tsohon gam tas daga ɓangarorin biyu, a jiƙa ta da tururi a miƙar da ita in tana da sauran rai, in kuwa ta mutu a yanko sabuwa. A sa gam wanda aka yi don jure zafi, ba na gyaran takalmi ba. A naɗe bakinta ta ƙasa a kafe, don kada riƙon ya dogara ga gam kaɗai. A kuma bar wa jakar iska hanyarta yadda aka same ta. Mai gyaran da ka tambaye shi yadda zai yi da wurin jakar ya tsaya yana kallonka, ka ɗauki makullinka tun da girma da arziki. Bayan an mayar, sai a yi addu'ar kada wata waya ta kwana a waje, kada kuma motar ta koyi sabon ƙara a kan kwalta mai gargada. Daga nan kuma ka zama bawan inuwa: neman bishiya, rufe gilashi da mayafi ko kwali, barin 'yar kafa a taga, goge ƙura da ɗanyen tsumma. Ka sayi mota don ta yi maka hidima, ga shi an ɗaga darajarka ka zama mai yi mata fifita.

Wanda ba ya son wannan wahala yana iya sayen sabon dashbod daga kamfani, a Amurka kuɗinsa da na aiki ya haura dala dubu. Masu motoci da dama sun ba da labarin cewa sabon ma ya bi sawun tsohon, abin da ke nuna kamfani ba ya sauya hali don an yi masa surutu, kuma riƙon aƙida abin yabo ne. Mu nan sai a nufi Ladipo a Legas, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, a nemo na wata motar da ta yi haɗari, wanda shi ma shekarunsa ɗaya da naka, gam ɗinsu ɗaya, ranar da ya sha ce kawai ba a gaya maka ba.

Saura hanya guda, wadda wasu masu Grand Cherokee suka gano bayan sun gaji: a cire na fatar baki ɗaya, a nemo na roba daga ƙaramin aji a ɗaura. Ba ya kumbura, ba ya tattarewa, layin jakar iskarsa na masana'anta ne. Ta haka mutum ya biya ƙarin kuɗi ranar saye don a bambanta shi da mai Laredo, ya sake biya bayan 'yan shekaru don a mayar da shi daidai da mai Laredo. Kamfanin da ya iya karɓar kuɗi a tafiya, ya kuma karɓa a dawowa, ban san abin da za a ce masa ba in ba sannu da aiki ba.