Mindar Ɗan Bama

A gidanmu na Watari, can ƙasar Bagwai, akwai wata adaka da ba mai buɗe ta sai Baffa, shi ma sai ya kori yara ya saki labule. Abu uku ne a ciki: jar dara da asu ya cinye rabinta, da tsohuwar ɗamara, da mindar kakanmu. Minda, ga 'yan bana-bakwai, ita ce lambar yabon soja. Kakan namu Ɗan Bama ake ce masa, don ya je yaƙin Bama. Ya rasu ina rarrafe, saboda haka duk abin da na sani game da shi daga bakin Baffa na ji, bakin Baffa kuwa kamar gonar fadama yake, kowace shekara sai amfanin ya ƙaru. Ina firamare mutum bakwai kaka ya kashe. Da na shiga sakandare suka zama arba'in. Bara da babbar sallah kuma, Hitila da kansa ne ya sha da ƙyar, har ya bar takalmi ƙafa ɗaya.

Ni malamin makaranta ne, tarihi ma nake koyarwa. Na san Hitila bai taɓa taka Bama ba, Japanawa aka gwabza da su a can. Sai dai Baffa ne ke raba mana filin noman rani a bakin dam, ni kuma ina son gefen da ruwa ke fara isa. Kullum sai in gyaɗa kai in ce, "Allah ya jiƙan maza."

Bana da aka gama yankan shinkafa na ƙudurta rubuta tarihin gidanmu, aka ba ni aron mindar bayan doguwar nasiha. Wani ɗan ƙarfe ne zagayayye da baduku ya ɗinke cikin fata, ya rufe bayansa da bakinsa duka, ya bar fuska kaɗai a waje. A fuskar akwai tauraro mai tsini shida, a tsakiyarsa an cusa jar fata kamar ido. Na hau tudun dam, inda nan ne kawai waya ke samun sabis, na shiga intanet ina lalube. Ban daɗe ba na ci karo da shi: Tauraron Bama, lambar da Ingila ta ba waɗanda suka yi yaƙin tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945, a zamanin Sarki Joji na shida. Tsini nawa? Shida. Hoton ya ƙi buɗewa, sai ɗan zoben nan ke ta juyawa, amma me zan yi da hoto? Na ƙirga tsinin tamu sau uku. Abin nema ya samu.

Kuskurena shi ne tsayawa wurin mai shayi. Kafin isha'i magana ta zaga gari, ta dawo mini da ƙari: wai Turawa na neman irin wannan lamba ido rufe, miliyoyi suke biya. Washegari 'yan'uwan da rabonmu da su tun rabon gado suka fara sallama. Wata gwaggonmu ta zo daga Bichi da tsarabar ƙuli-ƙuli, ta tuna wa Baffa cewa mace ma tana da kaso. Baffa ya ce ba sayarwa za a yi ba, tarihi ne, sannan ya ja ni gefe ya ce in na je birni kada in yarda da tayin farko.

Da safe zan fita, Iya, kakarmu, tana bakin murhu tana kankare ƙanzo, ƙarar nan tata ta kullum, kar-kar-kar. Ta ɗago ta dubi abin da nake naɗewa a hankici.

"Maigida, ina za ka da wannan?"

"Birni, Iya. Maganar ilimi ce, ba za ki gane ba."

"To, Allah ya kiyaye hanya," ta ce, ta koma kan tukunyarta.

Na hau babur zuwa Bichi, na shiga motar Kano, hannuna na dama a aljihu tun daga tasha har Dawanau. Da yaron mota ya nemi kuɗi da hagu na miƙa masa, ya harare ni. Wani dattijo da ke kusa da ni ya tambaya a hankali ko ƙari ne ke damuna, yana da mai magani a Rimin Gado. A Ƙofar Ruwa na sauka, na ɗauki A Daidaita Sahu ni kaɗai, abin da ban taɓa yi ba, don mai miliyoyi ba ya cunkoso.

Wani abokina ya haɗa ni da wani tsohon soja, cikin mazan jiya da suka yi yaƙin basasa, wanda mahaifinsa ma ɗan Bama ne. Na same shi a zaure, sanda a gefe, gashin baki fari fat. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya gyara zama, ya shiga ba ni darasin da ni ya kamata in riƙa bai wa ɗalibaina. Ya ce runduna biyu aka kwasa daga Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, da 'yan Nijeriya da 'yan Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. A ƙasar Hausa ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai aka riƙa tara samari, Hausa kuma ita ce harshen bariki, har hafsoshin Turawa sai sun koya. Ta 81 ta shiga jirgin ruwa a 1943 zuwa Indiya, daga nan aka tura ta kwarin kogin Kaladan, dajin da mota ba ta shiga. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ƙwace Myohaung.

"Kana jin barikin Arakan da Dodan da Myohaung a Ikko, da Kalapanzin a Kaduna, da Chindit a Zariya," ya ce, "kana tsammani sunayen aljanu ne? Duk tsarabar Bama ce."

Ya aika jikansa ya ɗauko masa mindar mahaifinsa. Nan gabana ya fara faɗuwa. Tasa ba zagayayya ba ce, tauraron ne kansa aka yanko, ruwan tagulla, da kambin sarauta da haruffan sarki a tsakiya, tana rataye da ƙyalle ja a tsakiya, gefe da gefe baƙin shuɗi mai ratsin ruwan lemo. Na ce a raina wataƙila ta kakanmu ta manyan jarumai ce, shi ya sa ta bambanta.

"Ranka ya daɗe, ga tamu."

Ya juya ta, ya shinshina, ya ce a kawo reza. Ɗinki huɗu ya farke, ya tsokane jar fatar nan da tsinken sakace, sai ga huji ya bayyana, har ina hango farin gashin bakinsa ta ciki. Ya yi shiru. Can kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, da ya samu numfashi ya ƙwala wa matarsa kira ta zo ta ga abin da malamin tarihi ya ɗauko tun daga Bagwai.

"Yaro, kwabo ne."

Kwabo ne kuwa, mai huji, na zamanin Turawa, irin wanda aka kashe a Nijeriya da sauran ƙasashen da Ingila ta mallaka a yammacin Afirka. Tauraro mai tsini shida a fuska ɗaya, a ɗaya fuskar kambi da sunan Sarki Joji, ga kuma darajarsa a rubuce da boko da Larabci don kada wani ya ce bai gani ba. Ni an haife ni bayan naira ta zo a 1973, ban taɓa riƙe shi ba. Na duba shekarar da ke jiki, 1945.

"Amma ranka ya daɗe, ai shekarar da aka gama yaƙin ce."

"Ƙwarai. A shekarar ana sayen ƙosai da shi."

Da ya ga na yi laushi sai ya tausaya mini. Ya ce ko da ta gaske ce ba za ta gaya mini komai ba, domin taurarin da aka raba wa sojojinmu ba a buga sunan kowa a bayansu ba. Ya juya tasa, bayan sumul. Mai neman tarihin soja, in ji shi, lambar aikinsa yake nema, wadda ta 'yan Nijeriya ke farawa da NA, ko takardar sallamarsa. Duk da haka zuciya ba ta daddara ba, na biya ta Kasuwar Kurmi wurin masu kayan da, ko tsohon kwabo ma yana da daraja. Mutumin bai ce komai ba, ya jawo wani kwanon sha cike da irinsa, ya girgiza mini.

Sai da na bari duhu ya yi sannan na shiga gida ta ƙofar baya, don na hango fitila a zaure da takalma sun fi ashirin. Na faɗa ɗakin Iya. Tana zaune da tukunyar tuwon dare, kar-kar-kar.

"Maigida, an dawo? Nawa suka sayi kwabon?"

"Iya, da ma kin sani?"

"Ni na kai wa baduku. Baffanku aka rataya wa lokacin da yake haƙori. Duba gefen fatar, ai ga shatin haƙoransa nan."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ka ce maganar ilimi ce."

Na zauna a ƙasa. Ina kallon hannunta yana kai da komo cikin tukunya, sai na lura abin da take kankarar da shi ba cokali ba ne. Na karɓa, na dirje shi da toka, na haska da waya. Tsini shida, biyu sun dakushe. Kambi. Haruffan sarki. Ɗan zoben da ake ratayawa a sama. Tun ina yaro nake cin ƙanzon da Tauraron Bama ya kankaro, da man gyaɗa da yaji.

Ta ce tana amarya kakanmu ya ba ta, ya ce iyakar amfanin da ya gani a jikinsa ke nan. A wannan daren na ji kakana a karon farko. Bai taɓa ce mata ya kashe kowa ba. Cikin 'yan dako yake, masu ɗaukar akwatunan harsashi da abinci a ka, su hau dutse su gangara, inda ko alfadari sai ya yi gardama. Jirgin sama ke jefo musu abinci da laima. Ruwa ba ya ɗaukewa, matsattsaku kuma su shige cikin takalmi su sha jini sai sun ƙoshi. Ya dawo tsakiyar kansa ba gashi, har ya mutu bai sake fitowa ba. In aka yi tsawa da daddare yakan miƙe tsaye cikin barci ya ƙame ya faɗi lambarsa da Turancin soja. Na ce ko tana tunawa? Ta ajiye tukunya, ta ƙame a zaune, ta zayyano ta tiryan-tiryan, tun daga NA. Ba takarda a kusa, a cinyar wandona na rubuta.

Kwabon na kai wa baduku ya mayar da ɗinkinsa, na ce wa Baffa masana sun ce abin ya fi ƙarfin kuɗi. Ya ji daɗi ƙwarai, a sallar nan Japanawan sun kai sittin. Tauraron kuwa Iya ta ce ba za ta bayar ba sai na kawo mata abin da ya kai shi cin ƙanzo. Cokali uku na sayo mata zuwa yanzu, duk ta ce ba su da baki.