Tseren Keke da Kaji Biyu a Kariya

Ranar da na sa sunana a tseren keken da samarin garinmu suka shirya, daga Deule zuwa Madawa ta Buza, uwargidana ba ta ce uffan ba. Ta dubi tumbina, ta dubi keken, ta koma kan tukunyarta. Maƙwabta ne suka yi magana. A nan Adar, in aka ga magidanci mai furfura bisa sirdin keke, to ko ya sayar da babur, ko bashi ya ci shi. Kafin la'asar mutum uku sun zo mini jaje.

Da suka gane Madawa za ni, sai jaje ya koma saƙo. Wannan ta kawo ƙullin kuka a kai wa ɗiyarta, wancan ya kawo rediyo a kai gyara, gwaggona kuwa ta aiko da kaji biyu ɗaure da tsumma. Na ce, "Gwaggo, tsere fa za mu yi." Ta ce, "To ai sai su isa da wuri."

An ce a hallara ƙarfe 6 na safe. Kwamiti ya iso ƙarfe 9. Mu masu tsere goma sha huɗu ne, su ashirin da biyu, kowa da sabuwar hula da takarda rataye a wuya. Shugaba ya yi jawabi, mataimakinsa ya maimaita, sannan wakilin wani babban mutum da bai samu zuwa ba ya bayyana mana dalilin rashin zuwansa har rana ta take. Akwai wani yaro da ya ƙoshi da kallon Tour du Faso a waya, tseren nan da Burkina ke yi tun 1987, ya zo da ɗan wando mai kama jiki. Uwarsa ta ratso taro ta jefa masa doguwar riga, ta ce ba a gidansu ba. Haka ya yi tseren, iska na hura shi kamar tanti.

Duwatsun Adar ba su san lamba a baya ba. A hawa na farko kacata ta faɗi, a na biyu numfashina ya bi ta. Amma ba dutse ya kayar da mu ba. A Faransa akwai wata tafiya ta masu sha'awar keke, daga Paris zuwa Brest a dawo, kilomita 1,200 cikin awa 90, duk bayan shekara huɗu. Na daɗe ina mamakin yadda suke gamawa, sai ran nan na gano sirrin: ba su da surukai a bakin hanya.

Ƙauyen farko da muka shiga, ga surukina zaune gindin bedi yana jan carbi. Wa zai wuce? Na ja burki, na jingine keke, na tuɓe takalmi, na durƙusa. Ina kwana, ina gajiya, ina ɗiyata, ina yara, yaya aka ji da damina. Ina amsawa ina satar kallon abokan tsere, sai na ga biyu daga cikinsu su ma a durƙushe a wata ƙofar. Na ce, "Baba, a yi mini izini, tsere muke." Ya ɗago kai a firgice ya ce, "Subhanallahi! Wa ya koro ku?" Kafin in gama bayani an kawo fura a ƙwarya, kuma duk wanda ya ƙi furar gidan surukai ya san abin da zai tarar a gida. Na sha. Wanda ya cika ciki da fura da nono tsakar rana ba feda yake nema ba, tabarma yake nema.

Bayan Buza tsere ya zama na dabara. Wani ya kama bayan motar albasa, wani ya ɗaura igiya a kabu-kabu, ya ce ai ƙafarsa na kan feda. Huɗu suka kwanta a inuwar itatuwa, irin waɗanda aka jera a kwarin Majiya tun 1975 don tare iska, suka ce shawara suke. Na tuna ɗalibin nan ɗan Gini, Mamadou Safayou Barry, da ya ratsa Nijar a keke a 2023 yana neman Azhar, na ji kunya, na sake hawa, tayar baya ta yi faci.

Ina tsugune ina bugun famfo sai ga wani dattijo a tsohon Raleigh, buhun gero a kariya, jikansa a gaba. Ba lamba, ba kwalbar ruwa. Ya yi mini sannu, ya kaɗa ƙararrawa, ya haye tudun da ya gagare mu yana hira da yaron. Duk ranar kasuwa haka yake yi, ba wanda ya taɓa yi masa jawabi.

Na shiga Madawa bayan magariba, ni da keke da kaji a saman motar itace. Kwamiti ya riga mu isa, ya cinye tsiren da aka saya wa masu tsere, ya raba wa kansa takardun yabo. An ba ni na shida, da yake takwas ba su iso ba.

Da sassafe gwaggo ta bugo waya. Na gyara murya, ina jiran barka. Ta ce an gaya mata kaza ɗaya tana ɗingishi.