Bakano Ya Sayo Gawar Kuɗi

Bawana Bakano, barka da sauka. Labarinka ya riga tsarabarka isowa Zariya. An ce ka je Landan sarin kaya, ka dawo da wani ɗan ƙarfe da bai kai murfin kwalba ba, ka naɗe shi a auduga kamar bakwaini, kana bi rumfa-rumfa a Kantin Kwari kana nunawa, wai kuɗin Rumawa ne. Na tambayi wanda ya gani ko mai ƙosai tana karɓa, ya ce ko almajiri sai ya maido maka. Ashe da rabon in ga ranar da Bakano zai miƙa kuɗi mai rai ya karɓo gawa.

Da ka biyo ta wajen malamanka na Zazzau, da mun ɗora maka karatu. Kuɗin azurfar Rumawa na ƙwarai shi ne dinariyus, wanda suka fara bugawa wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suna tsakiyar yaƙi da Hannibal. Daga sunansa Larabawa suka sami dinari. To amma sarakunan nan sun iya algus. Nero ya fara rage azurfar a shekara ta 64. A 215 Karakalla ya fito da sabon tsaba ya ce matsayin biyu yake, alhali nauyinsa na ɗaya da rabi ne, irin tiyar nan da aka bubbuge wa gindi. A ƙarshen zamanin Galiyenus, wanda ya yi sarauta daga 253 zuwa 268, azurfar ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Tagulla ce zalla aka yi wa wankan azurfa. Kuma an ce kan wannan Galiyenus ɗin ne a jikin naka. Wato cutar da aka shirya wa talakawan Rum shekara 1,700 da wani abu, ta ratsa teku da sahara tana neman mai tsautsayi, ba ta sauka ko'ina ba sai aljihunka.

Kana ta cewa abu ne mai wuyar samu. A 2010 wani Bature mai yawo da na'urar neman ƙarfe ya tono tulu guda kusa da garin Frome a Ingila, da irin naka har 52,503 a ciki. Da aka yi wa tulun kuɗi gaba ɗaya, fam 320,250 aka sa, ka ga kowanne ya tashi wajen fam 6 ke nan. Kai kuwa abin da ka biya, har yau ka ƙi faɗa ko a gida.

Allah ya saka wa Hajiya. Masu wannan harka sun san cewa dattin da ƙarfe ya tara a ƙasa, wannan kore-koren da ke lulluɓe shi, shi ne rabin darajarsa, ba a taɓa shi. Ita kuwa baiwar Allah ta gan shi a kan durowa, ta ce maigida ba zai riƙa yawo da ƙazanta ba. Ta samo toka da lemon tsami ta dirje shi tas kamar gindin tukunya. Ɗan wankan azurfar ya bi ruwa, hancin sarki ya bi soso. An ce ranar ko tuwon dare ba ka ci ba.

Na san mafarkin da kake yi. Ka ji labarin zinaren da Burutus ya buga a shekara ta 42 kafin haihuwar Annabi Isa, mai hoton wuƙaƙe biyu, na tunawa da kisan Yuliyus Kaisar, wanda aka yi gwanjonsa a Landan a 2020 kan fam miliyan 3 da ɗoriya. Ƙarshen labarin ne ba a ba ka ba: takardun asalinsa na bogi ne, a 2023 hukumomin Amurka suka mayar wa ƙasar Girka kayanta. Mai takarda ma ke nan. Kai da ko rasit ba ka karɓo ba fa?

In dai dole sai ka tara, nemi mai kan Basbasiyan, ka rataye a shago. Shi ne sarkin da ya sa haraji a kan fitsarin da majema da masu wanki ke kwasa. Da ɗansa Titus ya nuna ƙyama, sai uban ya kai masa tsabar kuɗin hanci ya tambaye shi ko yana jin wari. Wannan ko na rantse ba kaffara, jininku ne.

Akwai anini da kwabo mai huji cike da gwangwani a ɗakin kakata, zan yi maka sauƙi tunda kai na gida ne. Sannan watan cika-ciki ya ƙarato. Ka tanadi kuɗin sharata na bana, naira sababbi, kada ka kuskura ka aiko min da sarki marar hanci.