Kitsen Layya da Shayin Lemon Tsami

Mu dai a unguwar nan, da Babbar Sallah ta kwana biyu kowa ya zama likita. A ci soyayyen nama har ganɗa ta yi kauri da maiƙo, sai ka ji ana ja wa yara kunne: "Kul ka sha ruwan sanyi, kitse zai daskare maka a ciki!" Maigida kuwa ya aika a haɗo masa shayi mai zafi da lemon tsami, wai ya wanke abin da ya ci. Mai shayin bakin layi ba ya musu, ranakun cinikinsa ne.

Kitsen rago yana daskarewa a baki kam, domin sai zafi ya haura na jikin mutum, digiri 37, kafin ya narke sosai. Amma ruwan sanyi da ya isa ciki yake ɗumama, shayin ma hucewa yake. Mai aikin ita ce 'yar jakar nan koriya da ke manne da hanta, wadda ranar layya mahauci ke cirewa da lallami, Hajiya na tsaye a kansa: "Malam, a hankali, kada matsarmamar ta fashe ta ɓata mana hanta." A cire ta a jefar, ba wanda ya waiwaye ta, alhali irinta ce ke fama da suyarmu har bayan isha'i.

Hanta ke haɗa ruwan ɗacin, rabin lita ko fiye a rana, matsarmama ta adana. Da abinci mai maiƙo ya gangaro farkon ƙaramin hanji, sai hanjin ya aika saƙo, ta matse ta zubo. Ruwan ya farfasa man zuwa ƙananan ɗigo, yadda sabulu ke yi wa tukunyar suya. Sannan wani sinadari daga fankiriyas, gaɓar nan da ke samar da insulin, ya bi ɗigon yana yanyankawa har bangon hanji ya iya tsotsewa. Daga nan ma kitse ba ya bin hanyar sukari zuwa hanta kai tsaye. Ƙunshe shi ake yi ƙanana-ƙanana, ya bi wasu siraran jijiyoyi na farin ruwa, ya hau ta ƙirji, ya shiga jini a gindin wuya ta hagu.

Jikin nan kuma ba ya almubazzaranci. Kusan kashi 95 cikin 100 na man da muka ci kwashe shi yake. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitacin tuwo 4. Wato Baba da ke shan kofi uku yana cewa ya wanke, teɓarsa ta riga ta karɓi rabonta. Nauyin nan da kasala da ke kama mu bayan masa da man shanu, maiƙo ne ke sa tumbi ya riƙe abinci, ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan.

Iyayenmu mata dai sun yi daidai wajen kwaɗon zogale, da ba sa yinsa sai da ƙuli-ƙuli da ɗan mai. Bitamin A, D, E da K sai da maiƙo suke shiga jiki sosai.

Inda muke kuskure shi ne mai ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama duk lokacin da ya ci suya. Nan take mu ce olsa ce ko shawara, a jiƙa masa saiwa. Sau da yawa tsakuwa ce ta taru a matsarmama, hoton ciki a asibiti ke nuna ta. Waɗanda aka cire wa ma suna cin namansu, hanta na ɗiga ruwan kai tsaye cikin hanji, sai dai kakiɗi ne suke yi wa a hankali.