Mutanen Zauren Malamai na WhatsApp

Tun da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, ɗakin malamai ya koma cikin waya, kuma har yau bai gama dawowa ba. Kowace makaranta da zaurenta na WhatsApp, malaman lissafi da nasu, waɗanda suka gama NCE shekara ɗaya da nasu. Duk an buɗe su ne wai don musayar ilimi da ƙara wa juna sani. Niyyar kam ba laifi, sai dai mutanen da aka zuba a ciki.

A fara da mai zaure, wato admin. Yawanci ba hedimasta ba ne, malami ne da ya riga kowa sayen babbar waya, sarauta ta faɗo masa. Dokokinsa a rubuce suke: ban da siyasa, ban da talla, ban da abin da bai shafi koyarwa ba. Kafin la'asar shi ne zai turo hoton ƙanin matarsa mai neman kansila. In an yi magana ya kulle zauren, ya zama shi kaɗai ke iya rubutu, ya yi wa mutum ɗari biyu huɗuba a kan ladabi.

Na hannun damansa shi ne Malam An-ce-a-yaɗa. Duk saƙon da ka ga kibiya biyu a samansa, alamar ya zaga duniya ya gaji, to daga wajensa ya fito. Tun ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoba 2020, da Shugaba Buhari ya yi alkawarin tsarin albashi na musamman ga malamai, wannan bawan Allah ke turo jadawalin sabon albashin duk bayan 'yan watanni, ba kwanan wata, ba sa hannu, hatimin kuma ya karkace. Da aka sa hannu a dokar da ta mai da ritayar malamai shekara 65 a 2022, ya turo labarin, babu wanda ya yarda, don bakinsa ya riga ya yi tsami. In ka tambaye shi ina ya samo, amsarsa ɗaya ce: "Ni ma haka na gan shi."

Sai mai gadin alat. Daga 25 ga wata yake kama aiki, kuma aikin kalma uku ne: "An ga alat?" A tarihin zauren babu tambayar da ke samun amsa da sauri kamar wannan. Wanda ya yi wata shida bai ce uffan ba zai ɓullo ya ce, "Wane banki?" Ni dai ban ga laifinsa ba. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, a inda ake biya ke nan, kuɗin data kuma an ƙara masa kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Duk wanda ya buɗe data a zauren nan, daga bakin tukunyar gidansa ya ciro.

Wannan ne ma ya sa ake jin haushin mai saƙon murya. Dattijo ne, ba ya rubutu, danna ya riƙe kawai ya iya. Zai yi sallama, ya gaida hedimasta, ya gaida mataimaki, ya gaida iyaye mata da ke cikin zaure, ya tambayi gida da iyali da haƙuri da yara, zakara ya yi cara a bayansa, ya dakata ya kori akuya. A minti na bakwai ne zai ce dama taron gobe an ɗaga shi. Ranar da WhatsApp ya kawo maɓallin ninka saurin murya, malamai da yawa sun yi hamdala, shi kuwa har yanzu bai san da muryar ɗan tsako ake sauraronsa ba.

Mafaraucin satifiket shi ne ya fi kowa ɗaukar maganar ƙarin sani da muhimmanci, a takarda. Ba a yin bitar Zoom ba shi. Zai shiga, ya kashe kyamara, ya kashe makirfo, ya jefa wayar a aljihu ya wuce kasuwa cefane. Sa'ad da mai gabatarwa ke godiya zai farfaɗo: "Don Allah ina ake rubuta suna? Kuma akwai alawus?" Ba karatu daga nesa ne baƙo a wajensa ba, ai Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna tun 1976 take wannan aiki. Abin da ya kasa yafewa shi ne bitar da babu shinkafa, babu kuɗin mota. Satifiket dai ya tara su fal a waya, in ka tambaye shi abin da aka ce a ɗaya daga ciki sai ya ce ranar sabis bai da kyau.

Malama mai atamfa da turaren wuta ba ta da matsala da kowa. Takan fara da "afuwan admin", ta jero hotuna ashirin, ta rufe da cewa ana iya biya ƙarshen wata. Admin ba ya iya magana, ana binsa kuɗin turmi biyu.

Malamin TikTok da Facebook kashi biyu ne, kuma bai kamata a haɗa su a kwando ɗaya ba. Akwai wanda ke jingine waya da bulo, ya tsaya gaban allo ya warware lissafi ko nahawun Turanci da Hausa tsantsa, yaron da ke shirin JAMB ko NECO a ƙauyen da babu malamin wannan darasi ya kalla ya fahimta. Wannan Allah ya yi masa albarka, ko da rabin bidiyon gaisuwa ce ga masu bibiyarsa. Akwai kuma wanda ya gano cewa yaron da ya kasa karanta sunansa ya fi darasi jawo 'yan kallo. Sai ya tsayar da ɗan mutane, ya haska fuskarsa, ya yi masa tambaya, aji ya kwashe da dariya, ya ɗora a intanet. Bai nemi izinin uban yaron ba, bai kuma lura ba cewa shi ne malamin da ya shekara yana koya wa yaron karatun. A nan raha ta ƙare mini, wannan cin amana ne.

'Yan leƙe su ne mafi yawa. Komai suna karantawa, ba sa cewa komai, sai an yi rasuwa su fito a jere da addu'a iri ɗaya, harafi bai bambanta ba.

A cikin hayaniyar nan akwai wata malama, yawanci ta firamare, da ke turo abu bayan isha'i in ta sallami 'ya'yanta. Hoton tsarin darasi ne da ta rubuta da hannu, ko yadda take koya wa 'yan aji biyu ƙidaya da murafen kwalba, ko tambayoyin baya na jarrabawar TRCN, wadda da kwamfuta ake yi, alhali wasu ba su taɓa zama gabanta ba. Tun da gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare gwaji a 2017, sama da 21,000 suka faɗi, kowa ya san darajar tambayoyin baya. Amma a daren, abin da za ta samu babban yatsa biyu ne, sai musun Arsenal da Manchester United ya binne saƙon. Bayan mako uku, in aka ji sufeto na tafe, mutum goma sha za su rubuta: "Malama, don girman Allah a sake turo mana." Za ta sake turowa.

Saura mai zuciya. Da can in an ɓata masa rai ficewa yake, WhatsApp ya sanar wa kowa cewa wane ya fita, a bi shi da ban haƙuri. Daga 2022 aka sauya tsarin, admin kaɗai ke ganin wanda ya fice, abin ya rage armashi. Yanzu dole ya rubuta takardar ban kwana, ya yafe wa kowa, ya nemi a yafe masa, ya jira minti goma ko wani zai riƙe shi. Ranar 24 ga wata zai kira admin a asirce ya ce ɗansa ne ya taɓa wayar, a mai da shi.