Ina hotona, Bazazzagi?

Bazazzagi, ina gajiya? Na tambaya ne don al'ada kawai, don ban ga aikin da ka yi a Kano da zai gajiyar da mutum ba in ban da feƙe fensir. Mako uku ke nan da komawarka, har yau uwargida tana sharo ɓawon fensir daga ƙarƙashin tabarmar zaure.

Jama'a, ga mutumin. Abokin wasana ne, gadonsa na yi kamar yadda kakana ya gaji kakansa. A Samaru ya yi karatun zane, kuma tun da ya fito ba a sake ganin hannunsa haka kawai ba. Akwai wani littafi mai baƙin bango da yake cusawa a aljihun kaftani, har aljihun ya zazzago, abin da ya dace da asalin mai shi. Fensir a bayan kunne kamar kafinta, reza a cikin hula, guntun gawayi a naɗe cikin takardar tsire. Ka gayyace shi ɗaurin aure, ana shafa fatiha shi yana zana naɗin rawanin liman. Ka zuba masa tuwo, sai ya huce yana kallon yadda miyar kuka take gangarowa.

Ka tuna ranar da na kai ka marinar Ƙofar Mata? Na ce minti goma, ina da ciniki a Kantin Kwari. Ka samu bakin rijiyar baba ka tsuguna tun hantsi har aka kira azahar. Da na leƙa littafin, me zan gani? Hannun marini ɗaya, daga gwiwar hannu zuwa yatsu, sau ashirin da wani abu: yana tsomawa, yana cirowa, yana matsewa. Ko fuskar bawan Allah ba ka sa ba. Daga can muka tsaya wajen mai shayi, ka ƙura wa wani dattijo ido har ya ajiye kofi ya ce, "Malam, lafiya? Ko kana bina bashi ne?" Ni na ba da haƙuri, ni kuma na biya kuɗin shayin mutum uku.

Duk sanda na yi magana sai ka jawo mini Leonardo da Vinci. Wai shi ma da ɗan littafi yake yawo a ɗamararsa, wai in ya ga mai fuskar da ta ba shi sha'awa yakan wuni yana binsa, ya koma gida ya zana shi da ka. To, na je na duba labarin ubangidan naka. Gaskiya ne ya bar shafi wajen 7,000 na zane da rubutu, kuma daga dama zuwa hagu yake rubutunsa kamar mai ajami. Amma hotunan fenti da suka tabbata nasa ne ba su kai 20 ba. Gaskiya ne kuma Bill Gates ya sayi littafinsa guda, mai shafi 72, a kan dala miliyan 30.8 a shekarar 1994. Sai dai mai littafin ya rasu tun 1519. Na buga lissafi, shekara 475 ke nan kafin jari ya dawo. Mu Kanawa ba ma shiga irin wannan ciniki, ko da ba mu da abin yi.

Shi ne kuma ya koya maka kallon bango. Ya shawarci masu zane su riƙa duban tabon da ke jikin garu, wai za su ga duwatsu da koguna da fagen yaƙi. Sai na dawo daga masallaci na same ka ka tasa bangon zaurena a gaba, daidai inda ruwan damina ya yi masa taswira, kana cewa ga hawan daba can, ga dawaki, ga 'yan lifida. Ni ma na duba da kyau. Buhun siminti biyu na gani da kuɗin magini.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yadda kake lumshe ido ka ce "ilhaman bai sauko ba tukuna." Da farko dai, ilhamar ce, kuma ba ta sauko ba. Ku Zagezagi kun haɗa namiji da mace kun zuba a buhu ɗaya, riga ne, mota ne, ba mamaki ka zana akuya ta fito bunsuru. Na biyu, na kwana ɗaki ɗaya da kai, na ga inda take saukowa. Ana idar da asuba kake buɗe littafin, ka zana abin da ke gabanka ko buta ce, ka soke, ka sake, har rana ta fito. Kullum. Almajiri ma haka yake yi da allonsa, ya rubuta, ya biya, ya wanke, ya sake, kuma ba ya lumshe wa kowa ido. Abin da kuke kira ilhama a Samaru, mu a kasuwa sammako muke ce masa.

Na san za ka ce Zariya ce uwar zane a Nijeriya, ka kawo mini ƙungiyar ɗaliban da aka kafa a 1958 a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, waɗanda suka ce ba za su yi ta kwaikwayon Turawa ba, za su ɗebo daga zanen gida. Na yarda. Lissafo su mana: Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo. Wanne ne ɗan Ƙofar Doka? Ku ruwan sha kuka ba su. In za ka yi alfahari, yi da Babban Gwani da ya gina masallacin Juma'arku zamanin Sarki Abdulkarim, ko da maginan da suka ga keke da mota sun shigo gari suka ɗora su a fuskar gida kusa da dagi. Ko da masu zanen babbar riga, da za su shimfiɗa yadi su fitar da aska takwas da alƙalami da tawada, babu kilina, babu sokewa. Kai kuwa kilinarka ta fi fensirinka saurin ƙarewa.

Yanzu ga ƙarar da na kawo. Ranar da muka shiga Kurmi sayen hula, ashe ka laɓe a bayana. Da daddare ka buɗe wani shafi ka miƙa wa uwargida. Mutum ne ta baya, ba fuska, layi bai fi goma ba: ƙeya, kafaɗa a ɗage, hannu ɗaya riƙe da hula, ƙafar hagu ta juya waje kamar mai shirin tafiya, ta dama kuwa tana nan daram inda take. Ko daƙiƙa ba ta yi ba ta tuntsire da dariya ta ce, "Maigida ne yana taya kaya!" Shekara talatin ina ciniki ban san ƙafata tana yi mini wannan aiki ba. Tun ranar kuma, da na buɗe baki zan taya sai in tuna da ita, in dubi ƙasa, mai kaya ya gane ba inda za ni. Satin da ya wuce sai da na sayi takalmi a kuɗin da aka fara faɗa mini. Ni, Bakano! Wannan asara a wuyanka take.

Sai maganar hotona da ka yi alkawari shekara shida da suka wuce, na zauna maka har sau uku cikin babbar rigar Sallah. Kar ka sake ka ambaci Mona Lisa. Na sani mijin matar ɗan kasuwa ne mai sayar da siliki a Italiya, na sani kuma ubangidanka bai taɓa kai masa hoton ba, ya tafi da shi Faransa har ya mutu. Wato cutar 'yan kasuwa a gidanku gado ce.

Watan cika-ciki ya kusa. Bana ba na karɓar kuɗin shara a tsaba. Ka zo da hoton, da fuska, a cikin firam, kuma ka rage hancin nan da ka yi mini kamar indararo. Shafin Kurmi kuwa ka yage shi ka kawo mini da hannunka, kafin ya faɗa hannun masu hula.